Kayan Jan Zare

Litinin, 1 ga Satumba

Sakamakon gwajin ya fito. Ba don Yaya ba da ban ma je ba. Ita ta ja ni asibiti a watan jiya, wai ana duba wa mata bakin mahaifa, na ce to bari in raka ta. Nata ya fito lafiya lau. Ni 'yar rakiya ni aka ce in shigo ɗaki in zauna.

Malamar asibiti ta ce an samu ƙwayar cutar HPV a jikina. Ta ce ba kansa ba ce, ta sake maimaitawa. Wai ƙwaya ce da yawancin mutane ke ɗauka ta wajen kwanciyar aure ba tare da sun sani ba, kuma galibi jiki kan kore ta da kansa. Sai dai irin da aka samu gare ni tana cikin waɗanda kan jawo kansar bakin mahaifa idan suka daɗe, shi ya sa za su sake dubawa. Ta yi ta bayani, ni kuwa idona na kan wuyan rigarta da guga bai kama ba. Abin da na fito da shi kawai: ƙwaya, kuma ana ɗauka.

Ina shigowa gida Rediyo ta tare ni a bakin ƙofa. 'Yata ke nan, shekara goma sha biyu, marigayi Babanta ya laƙaba mata sunan saboda ba ta da maɓallin kashewa. Yau da raɗa ta yi magana. "Umma, na ga jini." A yau ɗin nan, cikin duk ranakun Allah. Na ɗauko mata auduga, na nuna mata yadda ake yi, na ce ta girma. Ta matso kamar za ta faɗo jikina, na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Laraba, 3 ga Satumba

A shagon wanki da guga inda nake aiki muna da ƙa'ida. Duk kayan da suka fito daga gidan mai jinya, ko zanin gado mai jini, ko tawul mai shakka, jan zare muke ɗaura musu. Bahonsu daban, safar hannu, ruwan zafi, bilic, kuma su ake wankewa a ƙarshe bayan an gama na kowa. Ba sa hawa igiya ɗaya da sauran kaya. Ni na koya wa duk 'yan shagon wannan, ni kuma ke masifa idan aka karya.

Yau ina ɗaura zare a wani zanin gado hannuna ya tsaya. Na ce a raina, to ke fa?

A hanya na sayi sabon baho da bokiti.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na ware kofina, cokalina, tawul, soso, sabulu. Na ƙulla jan zare a marikin bokitina don kada a yi kuskure. Rediyo ta tambaya, na ce tsabta ce kawai.

Asabar, 6 ga Satumba

Baban Rediyo nake tunani. Tun da ya rasu ban taɓa jin haushinsa ba sai wannan makon. Ban san kowane namiji ba sai shi, to daga ina? Malamar ta ce ba a iya sanin yaushe mutum ya ɗauka, tana iya kwanciya shekara da shekaru shiru, ƙila ma tun kafin ya san ni, shi kansa bai sani ba. Ƙila. Wa zan tambaya, kabari?

Na yi masa addu'a bayan azahar kamar kullum, amma bakina ne ya yi, zuciyata tana gefe ta naɗe hannu.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ranar kitso. Rediyo ta ɗauko kujera 'yar tsuguno da mataji da man kai, ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna kamar yadda muka saba. Zanina yana taɓa wuyanta. Na miƙe zumbur. Na ce bayana ke ciwo, ta je wajen mai kitso ta bayan layi.

"Ita fa ja take yi, Umma."

Na ce ta yi haƙuri. Ta tafi da matajin a hannu.

Talata, 9 ga Satumba

Tun rasuwar Babanta gado ɗaya muke kwana, tana jefa min ƙafa a ciki har gari ya waye. Yau na share ƙaramin ɗaki, na shimfiɗa mata sabon zanin gado, na yi masa guga har da sitaci. Na ce, "Kin zama budurwa yanzu, ya kamata ki samu ɗakinki." Na zaci za ta yi rigima, har na shirya amsa. Sai kawai ta ɗauki filonta.

Gadon ya yi min faɗi. Amma gara haka. In wani abu ya sami yarinyar nan ta dalilina, ban san inda zan sa kaina ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Aiki, gida, aiki. Hannuna duk ya tsattsage.

Laraba, 24 ga Satumba

Sun duba. Kunya kamar in nutse, duk da mata ne a ɗakin. An ga wani ɗan wuri a bakin mahaifar da ya fara sauya kama. Malamar ta ce ba kansa ba ce, hanyarta ce, kuma doguwar hanya ce mai ɗaukar shekaru, an tare ta tun da wuri. Nan take suka ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi a wurin. Bai kai ciwon mara na wata-wata ba. Na ce mata ashe ku ma guga kuke yi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Za a yi ta ganin ruwa-ruwa na wasu makonni, in ji ta, kada in tsorata. Sai in dawo baɗi a sake gwaji.

Da ina ɗaura zani ta kama hannuna ta juya shi. Ta ce mene ne wannan. Na ce aiki ne. Ta ce aiki bai kai har gwiwar hannu ba. Sai na faɗa mata, baho da kofi da komai. Ta daina murmushi. Ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Ba a ɗaukar wannan a kofi, ko a cokali, ko a wanki, ko a runguma. Ki ci abinci da 'yarki kwano ɗaya." Ta tambayi shekarun Rediyo. Ta ce daidai lokacin rigakafi ke nan, 'yan mata daga shekara tara zuwa sha huɗu, tun kafin su haɗu da ƙwayar. Allura ce a damtse. Ni ba za ta cire min wadda ta riga ta shiga ba, amma ita za ta kare ta.

Na ce to. A raina na ce ita asibiti ta sani, ni wanki na sani. Na ga abin da tawul ɗaya ya yi wa gida guda da ƙaiƙayi. Taka-tsantsan bai taɓa kashe kowa ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ruwan da malamar ta faɗa ya fara. Na ƙara bilic.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Yaya ta zo. Na yi mata zancen allurar, ta ɗaure fuska. Wai a unguwarsu ana cewa tana hana haihuwa, kuma me yarinya ƙarama za ta yi da rigakafin cutar manya, salon a buɗe mata ido. Na ce na tambayi malamar wannan, ta ce ba ta taɓa mahaifa balle ta hana haihuwa, an daɗe ana yi a ƙasashe da yawa, waɗanda aka yi wa suna nan suna haihuwarsu. Na ce, "Yaya, ke kika ja ni gwaji, yau kuma ke ce mai ja da baya?" Ta ce gwaji daban, allura daban. Na ce ni na hau gadon nan na ware ƙafa aka ƙona min ciki, in akwai abin da zai hana Rediyo hawansa, ko a bayan duniya yake zan kai ta. Ta ce Allah ya sa alheri.

Da za ta tafi ta tsaya tana gyara mayafi. "Wai me ya sami Rediyonku? Batir ya ƙare ne? Tun da na zo gaisuwa kawai na ji." Na ce girma ne.

Laraba, 8 ga Oktoba

Da gaske gidan ya yi shiru. A da kafin in cire takalmi na san wanda aka daka a aji, da wadda ta ci bashin fensir, da malamin da ya zo da safa kala biyu. Yanzu sannu da zuwa, ta karɓi jaka da yatsu biyu, ta shige ɗaki. Abincinta ma can take kaiwa. Ina kewar surutun da na yi shekaru ina cewa ya ishe ni.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Wuta ta lalace a shago, mai shago ta sallame mu kafin azahar. Na shigo gida na ji ƙarar ruwa a bayan ɗaki da warin bilic. Na zagaya. Rediyo ce a tsugune gaban wani tsohon baho da ban san inda ta samo shi ba, hannunta tsundum a ciki babu safa, tana cuɗa kayan makarantarta. A gefe ga ƙullin sauran kayanta, 'yan kamfai da zanin gadon da na yi wa sitaci. An ɗaure ƙullin da jan zare. Irin ɗaurina sak, mai kunne biyu.

Na daka mata tsawa, wa ya ce ki taɓa bilic. Ta miƙe tana ɓoye hannu a baya. Na ce nuna min. Yatsun sun yi ja, fatar ta sale, wani wurin har ya fara ruwa. Ba aikin yau ba ne.

Ta ce, "Ina wankewa sosai, Umma. Wallahi ina wankewa. Ko bayan ya ɗauke ma ina yi."

Na ce me ya ɗauke.

"Jinin. Tun ranar da na faɗa miki kika daina taɓa ni. Na san ƙazanta ce, shi ya sa kika raba kayanki da nawa. In na iya wankin da kyau, zan dawo ɗakinki?"

Na zauna a kan bokiti. Ni da nake taƙama ba a ɓoye min tabo a kaya, ko a baƙin yadi ne, ban ga wannan ba, kuma a cikin gidana. Na zaci ina kare ta. Ashe kullum gaya mata nake yi ita ce ƙazantar.

Na ce ta kawo ruwan sanyi ta sa hannun. Abin da na iya faɗa ke nan. Har man shafawa ajiye mata na yi a kan dakali ta ɗauka da kanta. Allah ya gani na so in kama hannun nan, nawa ne ya ƙi miƙuwa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Da hantsi na kira ta falo. Na faɗa mata. Ba duka ba, daidai kunnenta. Na ce jinin nan ba ƙazanta ba ne, kowace mace tana yi, ni ma ina yi, Innarki ma haka. Na ce ranar da ta faɗa min, a ranar aka ce min ina da wata ƙwayar cuta, tsoro ya kama ni kada in shafa mata. Jan zaren nawa ne, ba nata ba.

Ta sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Za ki mutu kamar Baba?"

Na ce a'a, an tare abin tun bai zama komai ba, an yi magani, baɗi za a sake dubawa. Na ce rai na Allah ne, amma wannan dai ba ita ce za ta ɗauke ni ba in Allah ya yarda. Ta ce to me ya sa ban faɗa mata ba. Na ce ban so ta damu ba. Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da Babanta ke yi min idan na faɗi abin da ba shi da kai.

Na yi mata zancen allurar. Ta ce babba ce? Na ce ƙarama. Ta ce haka na ce ranar da aka cire mata haƙori.

Ba ta dawo ɗakina ba. Ban kuma ce ta dawo ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na zubar da sauran bilic ɗin gida. Kofin dai har yanzu shi nake ɗauka, hannu ya riga ya saba. Kaina ya yarda da maganar malamar, jikina ne bai ji ba tukuna.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Rediyo ta ce Inna, wato Yaya, za ta raka mu asibiti? Na ce me ya sa. Ta ce, "Don in riƙe hannun wani." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na kira Yaya, ta ce za ta zo, ko da yake har yanzu zuciyarta ba ta gama kwanciya da allurar ba.

Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Litinin, 27 ga Oktoba

An yi.

Layin ya yi tsawo, 'yan mata da iyayensu, wasu da kayan makaranta. Wata uwa kusa da ni ta ce ita mahaifiyarta wannan kansar ce ta kashe ta, sai da abin ya ci ƙarfi aka gane. Ta kawo 'ya'yanta har da 'yar maƙwabta. Yaya tana ji, na ga ta gyara zama.

Da muka shiga, malamar nan tawa ce. Rediyo ta zauna ta naɗe hannun riga, ta damƙe hannun Yaya. Ni ina tsaye jikin bango da jakunkuna kamar 'yar dako. Ana goge damtsen da auduga sai na ji murya, irin muryar da na yi makonni ban ji ba, mai sauri ba numfashi.

"Anti, in tambaye ki? In mutum ya taɓa mai ƙwayar nan zai ɗauka? In ya sha ruwa a kofinta fa? In suka kwana gado ɗaya fa, in ta yi masa kitso fa, in aka haɗa kayansu a wanki fa?"

Malamar ta ce a'a, a'a, a'a, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, idonta a kaina. Rediyo ta ce, "To ki faɗa wa Ummana, ni ba ta jin maganata." Malamar ta ce, "Ai na faɗa mata, taurin kai gare ta." Yaya ta ce tun ina ƙarama haka nake. Suka taru a kaina su uku. Ana cikin haka allura ta shiga ta fita, Rediyo ba ta ma sani ba sai da aka manna mata auduga, sannan ta tuna ta ce wayyo.

An ce hannun zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ƙila da ɗan zazzaɓi. Aka zaunar da mu ɗan lokaci a benci kafin a sallame mu. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Wannan ƙofar dai an rufe mata ita.

Talata, 28 ga Oktoba

Jiya ban rubuta dawowarmu ba.

Yaya ta sauka a kasuwa, muka rage mu biyu a kujerar baya ta bas. Na matsa jikin taga na bar fili tsakaninmu, na ɗora jaka a wurin. Rediyo ta fara ba ni labarin yarinyar da ta yi ihu tun kafin a buɗe allura, tana cikin labarin muryar ta fara ja. Motar ta faɗa rami, jakar ta zame ƙasa. Sai ji na yi kanta a kafaɗata, daga nan ya gangaro cinyata. Barci har da buɗe baki.

Kitson mai kitson nan bai yi ba sam, ta ja mata gaban goshi har ya yi ƙuraje. Dubawa kawai na yi. Dole sai da yatsa ake duba irin wannan.

Direba ya kira unguwarmu, ya sake kira. Ban amsa ba. Hannun allurar ne a sama, in na motsa ta zai yi mata zafi, dalilin ke nan. Muka wuce gidan mai, muka wuce makarantarsu, har tashar ƙarshe inda kowa ya sauka. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, nan ne ƙarshe fa." Na ce na sani, in zai juya ya juya da mu.